Zafi yana taso min cikin dare, maigida kuma ya ce kishi ne ke cina

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni malamar makaranta ce, shekarata 48, yarana shida, babbar ma tayi aure har da jika. Wajen shekara ɗaya da rabi kenan al'adata ta rikice, sai tayi wata biyu ko uku bata zo ba, in tazo kuma wani zubin kaɗan wani zubin da yawa. Abin da yafi damuna wani zafi ne da yake taso min daga ƙirji zuwa wuya da fuska, ko a aji ina koyarwa sai gumi ya jiƙa min hijabi, da daddare kuwa sai na tashi na canja riga, na manta rabona da baccin kirki. Na sha maganin maleriya da taifod har na gaji. Ga saurin fushi, abu kaɗan sai in hau yara da faɗa daga baya in shiga ɗaki inyi ta kuka. Sannan Anti da kunya amma dole in faɗa, ni'ima ta ɗauke gaba ɗaya, kwanciyar aure ta zame min azaba, ranar girkina sai inyi ta neman dalili. Maigida yayi amarya shekara biyu da suka wuce, yanzu cewa yake kishi ne ke cina na zama masifaffiya. Innarmu tace sammu ne ko iska, a je a karɓo min taimako. Wata aminiyata da ke zaune a Ingila tazo hutu tace ita ma haka tayi bayan an cire mata mahaifa, ta bar min kwalin ƙwayoyin homon da take sha tace in gwada, amma maƙwabciyata ma'aikaciyar asibiti tace kar in kuskura, kansar nono yake sawa. Ina da hawan jini ina kan magani, kuma goggona kansar nono ce tayi ajalinta. Kwalin yana nan a durowa ban taɓa ba. Har na fara tunanin in yafe wa amarya kwanana in huta. Me zanyi?

Wa'alaikumus salam Malama, sannu, Allah ya baki lafiya. Kafin komai dai wannan kwalin ki barshi a inda yake, ko ƙwaya ɗaya kar ki haɗiya, zan gaya miki dalili nan gaba kaɗan, kuma dalilin daban yake da wanda maƙwabciyarki ta baki.

Duk abin da kika lissafo, tun daga rikicewar al'ada har zafin da gumin dare da fushin da bushewar, abu ɗaya ne ya haɗa su, kin shiga shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa. Yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55 take ɗauke musu, kuma ba a cewa ta ɗauke sai mace tayi wata 12 cur bata ga jini ba, kinga ke baki kai nan ba tukuna, kina cikin zangon da ke gabaninsa ne, shi kuwa wannan zangon sau da yawa yafi wahalar da mace. Ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da wasu sinadarai guda biyu da ake kira homon, istirojin da furojestaron, su ke juya al'ada wata wata. To a shekarun nan sai istirojin ya riƙa hawa da sauka ba tsari kafin daga baya yayi ƙasa ya zauna. Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke daidaita zafin jiki, in istirojin ya ja baya sai ya riƙa ruɗewa, ɗumi kaɗan sai ya ɗauka jiki ya ɗau zafi, sai ya buɗe jijiyoyin fata ya sako gumi, shi ne wannan abin da kike ji yana taso miki daga ƙirji na 'yan mintina ya wuce, wani lokacin har da bugun zuciya. Fushin kuwa rabi sinadarin ne rabi rashin bacci, duk wanda aka hana bacci wata da watanni sai ya zama abin da maigida ya kira ki, ko namiji ne.

Kuma gara ki sani tun yanzu abin ba na wata biyu bane. Wani babban bincike da aka bi mata shekara da shekaru a Amurka ya nuna zafin nan yana ɗaukar kimanin shekara 7 a tsakaitawa, a mata baƙar fata ma ya kai wajen 10. Shi yasa bana son jin ana cewa mace tayi haƙuri kawai zai wuce. Zai wuce ɗin, amma shekara bakwai ba bacci ai ba ƙaramin abu bane ga mai tashi da asuba ta haɗa yara ta tafi aji.

Maganin maleriya da taifod ɗin nan ki dakata dashi haka nan sai in gwaji ya nuna. Mata da yawa a shekarunki haka suke ƙarar da kuɗi a kemis, da sunce jikina zafi sai a haɗa musu. Amma ba ina nufin kar a duba komai ba, akwai cututtukan da ke kwaikwayon wannan yanayin, ciwon tayirod na maƙogwaro yana sa gumi da bugun zuciya da faɗa, suga ma a duba, a duba yawan jini tunda kince wani zubin yana yawa, in kuma gumin daren ya haɗu da tari da rama to a yi gwajin tibi. Gwajin homon mai tsada ɗin nan ba lallai bane ga wadda ta haura 45 kuma alamunta suka fito fili kamar naki, don sinadarin yau yana sama gobe yana ƙasa, sakamakon ba zai faɗi wani abin kirki ba.

Yanzu maganar kwali. Maganin da aminiyarki take sha likitoci HRT suke ce masa, ana mayar wa jiki wani kaso na istirojin ɗin da ya rasa ne, kuma gaskiya tsakani da Allah har yau babu maganin da ya kai shi kashe wannan zafin da gumin dare, yana kuma kare ƙashi daga yin rauni. Bata yi miki ƙarya ba da tace ta samu sauƙi. Amma ki lura da abin da kika rubuta da hannunki, ita an cire mata mahaifa. Macen da bata da mahaifa istirojin zalla ake bata. Ke kuwa taki tana nan, in kika sha istirojin shi kaɗai zai riƙa kauraro bangon cikin mahaifa, a hankali abin yana iya kaiwa ga kansar mahaifa, shi yasa duk mai mahaifa dole a haɗa mata da furojestaron ya tsare bangon. To kinga akwai yiwuwar abin da ke durowarki daidai yake da jikinta amma haɗari ne ga naki. Ƙauna ce tasa ta baki, ki gode mata, amma kwalin likita za ki kaiwa ya karanta.

Ita kuma maƙwabciyarki maganarta tana da asali. A shekarar 2002 aka dakatar da wani gagarumin bincike a Amurka da aka yi da mata sama da 16,000, saboda an ga waɗanda ke shan haɗin istirojin da furojestaron sun ɗan fi samun kansar nono da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Labarin ya zaga duniya, mata suka watsar da maganin, likitoci suka ji tsoron rubuta shi, har yau ma'aikatan asibiti da yawa a nan suka tsaya. Sai dai da aka koma aka tsefe alƙaluman an ga matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu al'ada ta daɗe da ɗauke musu kafin su fara, kuma ƙarin kansar nonon da aka gani kamar mata 8 ne cikin 10,000 a shekara. Ƙari ne na gaske ban raina shi ba, kuma yana ƙaruwa in an daɗe ana sha, amma ba irin yadda ake faɗa bane kamar duk wadda ta sha ta kamu. Matsayar da masana suke kai yanzu ita ce macen da bata kai 60 ba, ko bata wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamun suna takura mata, bata da wani ciwo da ya hana, to amfanin yakan rinjayi haɗarin. Abin dariya ma ƙiba mai yawa bayan ɗaukewar al'ada ita ma tana ƙara haɗarin kansar nono, amma baki taɓa jin an zo an ja miki kunne a kanta ba.

To ke a wane layi kike? Waɗanda ba a baiwa su ne wadda ta taɓa yin kansar nono ko ta mahaifa ita kanta, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda jijiyar zuciyarta ta taɓa toshewa ko ta samu shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon hanta da yake kan ganiyarsa, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Hawan jini shi kaɗai baya hanawa in dai yana saituwa da magani, in kuwa yana sama to sai an fara sauko dashi. Goggo ɗaya ma ba ta rufe ƙofa, amma dole likita ya sani, ki binciko tana shekara nawa ta kamu, kuma akwai wata a dangin babanki ko na Inna da tayi kansar nono ko ta ma'ajiyar ƙwai, don in sun kai biyu uku ko tun suna da ƙuruciya suka kamu to lissafin ya canja. Kafin a fara za a duba nononki, a shekarunki ma ya kamata ayi hoton nono ko da ba maganar magani. Ni da za ki tambaye ni, da hawan jinin nan naki, ki tambayi likita ko za a samu na mannawa a fata kamar filasta ko na shafawa maimakon na haɗiya, saboda wanda ya shiga ta fata baya bi ta hanta kai tsaye, haɗarin daskarewar jini yafi ƙanƙanta. Yafi tsada kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba, amma ki tambaya. Furojestaron ɗin kuma ko ƙwaya, ko robar mahaifa irin Mirena da ake sawa don tazarar haihuwa, ita ma tana yin wannan aikin har ta rage yawan zubar jinin.

Abubuwa biyu da ba a cika gaya wa mata ba. Tunda al'adarki bata gama ɗaukewa ba, irin haɗin da aka saba baiwa irinku yana sa a ga jini duk wata, ki san da wannan don lissafin sallarki da azumi, in ya rikice miki ki tambayi malamarku ta Islamiyya. Na biyu kuma, Malama, har yanzu kina iya ɗaukar ciki fa, wata uku ba jini ba shi ne shikenan ba, kuma HRT baya hana ciki. Akwai masu jika da suka je awo suna zaton al'ada ce ta tafi. In baki shirya wa auta ba to ki haɗa da wannan maganar a asibiti. In an ɗora ki akan maganin, watannin farko nono na iya yin nauyi ko ki ɗan ji tashin zuciya ko ɗigon jini, yawanci yana lafawa, ana komawa bayan wata 3 a duba sannan duk shekara. Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe numfashi na yi miki wuya, wannan asibiti ne a take ba jiran ranar komawa.

Bari in zo inda kika ce da kunya, don ni a ganina nan ne ya fi cin aurenki, kuma nan ne ya fi sauƙin gyara. Istirojin shi ke riƙe fatar gaban mace da kauri da laushi da danshi, in ya ragu sai wajen yayi siriri ya bushe, ana taɓawa sai zafi, wani lokacin har tsagewa da ƙaiƙayi da yawan fitsari, sai mace ta ɗauka sanyi ne tayi ta shan maganin sanyi a banza. Wannan kuma ba kamar zafin jikin bane da ke tafiya da kansa, in an barshi ƙaruwa yake. Akwai istirojin na kirim ko 'yar ƙwaya da ake sawa a wajen kawai, kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini, shi yasa mata da yawa da ba za a basu na haɗiya ba ana basu wannan, kuma baya buƙatar a haɗa da furojestaron. Yakan ɗau 'yan makonni kafin ki ji canji, kar kiyi sati ɗaya kice bai yi ba. Kafin nan ki sayi man santsi mai ruwa irin K-Y Jelly a kemis, a shafa lokacin kwanciya, ba haramun bane ba abin kunya bane, in ba za ki iya tambaya da baki ba rubuta a takarda ki miƙa. Abin da zan roƙe ki da girman Allah kar ki bari a sayar miki da kayan matsi. Na san da kin buɗe baki a gidan biki za a kawo miki kala goma, to duk abin da ake cusawa don ya tsuke ƙara busar da wajen yake, fatar da ta riga tayi siriri sai ta ƙuje. Tsumi da gumba da sauran na sha kuwa baki san me aka zuba ba, ga ki da hawan jini, wasu kuma suga ce zalla. Kankana da ruwa da yawa kam sha abinki, ba za su dawo da sinadarin ba amma ba za su cuce ki ba.

In likita ya ga HRT bai dace dake ba, ko ke da kanki zuciyarki bata kwanta ba saboda goggo, to ba a rasa hanya ba. Akwai magungunan da asalinsu na damuwa ne irin venlafaxine, da gabapentin na ciwon jijiya, da ake bayarwa kaɗan su rage zafin, basu kai HRT ƙarfi ba amma suna taimakawa, sai dai venlafaxine yana iya ɗaga hawan jini don haka likita ne zai zaɓa. A gida kuma ki lura da abin da ke tayar miki dashi, yaji, shayi mai zafi da daddare, kofi, goro. Ki koma atamfa da hijabi mara nauyi ki bar yadin roba, fanka mai caji a gefen gado da ruwan sanyi a kusa, wanka kafin kwanciya. Tafiyar ƙafa ta rabin awa yawancin ranakun mako tana gyara bacci da hawan jini da ƙashi, ki riƙa shan nono da kindirmo, zogale da riɗi da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu saboda ƙashin. Kukan da kike shiga ɗaki kina yi kuma ki faɗa wa likita shima, in ya kai kullum zuciyarki a cunkushe ko kina jin gara ma ki mutu to wannan ciwon damuwa ne, yana da maganinsa daban, kar ki ɓoye.

Sai maigida. Ban goyi bayan kalmar masifaffiya ba, bata dace da uwar 'ya'ya shida ba. Amma ki tsaya a inda yake tsaye ki duba, yayi amarya, bayan 'yan watanni uwargida ta fara faɗa tana gudun shimfiɗarsa, ba wanda ya taɓa zaunar dashi ya gaya masa akwai wani abu wai shi ɗaukewar al'ada da ke yin haka, to me kike so ya fassara in ba kishi ba? Mazanmu yawanci iyakar saninsu jini ya tsaya shikenan. Kuma kin san kema baki gaya masa zafi kike ji ba, dalili kike nema. Ki same shi da rana tsaka ba a ɗaki da daddare ba, lokacin da ba faɗa, kice Alhaji ko Baban wane, yadda dai kika saba kiransa, akwai abin da na ɓoye maka saboda nauyi, ba gudunka nake ba ciwo nake ji, ina so ka kai ni asibiti ka ji da kunnenka. Namiji yakan yarda da abin da likita ya faɗa fiye da abin da matarsa ta faɗa sau ɗari, abin haushi ne amma kiyi amfani dashi. In da ɗan kishin ma a ciki to sai me, ke mutum ce, amma kishi baya jiƙa riga da gumi ƙarfe biyun dare.

Maganar yafe kwana kuwa a'a, ba yanzu ba. Na san za a ce miki Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta, haka ne kuma halal ne, amma ke azaba ce take neman ta yanke miki hukunci, azabar da kirim na 'yan makonni zai iya ɗaukewa. Kwana ba shimfiɗa kaɗai bane, hira ce da shawara da ganin yara da ubansu a ɗakinku, in kika sake shi cikin ɓacin rai karɓo shi da wuya. Ki nemi ya ɗaga miki ƙafa na ɗan lokaci kina magani, ya riƙa zuwa ɗakinki kamar kullum. In kin warke kika ga har yanzu kina son yafewa, wannan zaɓinki ne da hankalinki kwance.

Inna kuma kar ki musa mata, tsoro ne irin na uwa. Ki ce tayi ta miki addu'a, kema ki riƙe azkar ɗinki, amma kar ki sha jiƙon da baki san kansa ba, kuma kar a ɗora wa amarya laifin sammu akan abin da kowace mace mai tsawon rai za ta gani, ita ma amaryar yana nan yana jiranta, in zargin nan ya shiga gidan zai daɗe bai fita ba. Ki tambayi Innar ma tana shekara nawa tata ta ɗauke da yadda ta ji, zan yi mamaki in bata tuna wani abu makamancin naki ba. Manyan yaran ki gaya musu Mama bata da lafiya ne tana magani, in kin yi musu faɗan da ya wuce kima ki basu haƙuri, ba zai rage miki girma ba.

Likitan mata za ki nema, ba kemis ba, a babban asibitin jiharku ko asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, duk wanda ya fi kusa dake. Kafin ranar ki samu ɗan littafi ki rubuta ranakun da jini yazo da yawansa, sau nawa zafin ke taso miki a yini da dare, awon hawan jininki na kwanakin nan, sunan maganin da kike sha, da abin da kika samo game da goggo, ki saka kwalin aminiyarki a jaka. In jinin yana zuwa da gudaji, ko yana wuce kwanakin da kika saba sosai, ko kina ganinsa bayan kwanciyar aure, ki fara faɗin wannan don sai an yi sikanin an gano dalilinsa kafin a ɗora ki akan komai. Kuma ko nan gaba, in kika cika wata 12 ba jini sannan ya dawo ko ɗigo ne, kar ki tsaya cewa al'ada ce ta dawo, ki koma asibiti a satin. Maganar bushewar ki rubuta ta a layin farko, don na san in kika zauna gaban likita ita za ki tsallake. Allah ya baki lafiya Malama, ki rubuto min yadda kuka yi.